Busasshen Nafkin

A layinsu na Majidaɗi babu wanda bai san gwangwanin Mama Lois ba. Tsohon gwangwanin alewa ne, fentinsa ya goge tun ba yau ba, tana ajiye shi ƙarƙashin matashin kai kusa da Littafi Mai Tsarkin da ba ta iya karantawa. Cikinsa ƙwayoyin magani ne tsirara. Ita dai ba ta taɓa ganin amfanin ledar nan mai ƙyalli da ake rufe magani da ita ba. Rubutun da ke jiki ba da ita yake magana ba, ɓallewa kuma yana ba yatsunta wahala. Don haka duk maganin da ya shigo hannunta, na asibiti ne ko na kwandon mai talla a kasuwa, a ranar za ta zauna ta ɓaɓɓalle shi tas, ta zuba a gwangwani, ta watsa ledar a murhu. Da launi take gane abinta. Ja da rawaya na gyambo ne, fari babba na ciwon kai, fari ƙarami kuwa na zawo. 'Ya'ya bakwai ta raina a ƙauye da wannan sani, shida suna nan da ransu, to wane ne zai zo ya koya mata reno?

Ɗanta Elias ne ya ɗauko ta daga ƙauye ya kawo ta Jalingo, da gwiwa ta hana ta noman doya. Shi direban babbar mota ne, in ya ɗauki lodi ya yi kudu sai ya yi mako biyu ba a ga ƙeyarsa ba. Matarsa Jemima malamar firamare ce. Ɗansu ɗaya, Tobiya, shekara ɗaya da wata biyu, mai kumatu da haƙora huɗu da yake cizon kowa da su. Mama Lois ba ta kiransa da suna, sai dai maigida. In ya ƙi cin abinci ta ce maigida ya yi fushi an rage masa nama, in ya yi mata fitsari a zane ta ce to, an biya ta ladan aure. Wallahi tana son yaron nan fiye da yadda ta so 'ya'yan cikinta, ita da kanta take faɗa.

Zawo ya kama Tobiya ne ranar Litinin, cikin zafin nan na watan Maris da ko ƙadangare ba ya son hawa katanga. Jemima ba ta yi wasa ba, ta saɓe shi sai ƙaramin asibitin unguwa. Aka ba ta garin ruwan gishiri da sukari na leda da ƙwayar zink guda goma. Da ta dawo ta zaunar da surukarta ta yi mata bayani dalla-dalla: leda ɗaya a ruwan fiya-wata guda biyu, a cikin jug ɗin nan mai murfi, duk sanda ya yi zawo a yi ta ɗura masa da cokali, ko ya yi amai a dakata kaɗan a ci gaba. Zink ɗin ita Jemima za ta riƙa ba shi da kanta kowace safiya.

"Mama, ba zai tsaya nan take ba," in ji ta. "An ce zai iya kwana uku ko huɗu. Ki dai yi ta ba shi ruwan, shi ne maganin."

Mama Lois ta ce to. A ranta kuwa cewa ta yi, ikon Allah, gishiri da sukari! Abin da ake sa wa miya da shayi, yau shi ne ya zama magani. Amma ta yi shiru, don sun taɓa haɗuwa da Jemima a kan gwangwanin nan. Yarinyar ta ce mata, cikin ladabi dai, ta zubar da shi, ranar tsohuwa ba ta ci tuwo ba. Tun daga nan kowacce ta kama bakinta.

Da makon lafiya ne, da Jemima ta nemi izini ta zauna a gida. To sai ya faɗo a makon tantance malamai, wanda dole kowa ya je da ƙafarsa da takardunsa, in aka kira sunanka ba ka nan aikinka na iya tafiya. Talata tun da sassafe ta ba yaron nono da zink, ta haɗa jug, ta rungumi fayil ɗinta ta fita tana waiwaye.

Tsakani da Allah, Mama Lois ta gwada. Ta ɗura cokali, ya zubo ta ƙasa. Ta sake ɗurawa, ya sake zubowa, ruwa zalla, kamar an buɗe famfo. Kafin azahar ta wanke nafkin shida. Kafin la'asar sun zama sha ɗaya, igiyar shanya ta cika daga bishiyar mangwaro har ƙofar banɗaki, jarkokin da mai kura ya sauke da safe sun kusa ƙarewa. Yaron ya daina kuka da ƙarfi, sai wani ɗan kuka siriri, yana kallonta. Wannan kallon ne ya karya mata zuciya. Ta tuna ɗanta na huɗu da ta binne a ƙauye, shi ma haka ya yi ta zuba har ya ƙare, lokacin ba ta da gwangwani. Ta dubi jug ta dubi yaro, ta ce a'a, hankali ma ai ya isa ya gaya wa mutum: abin da ka zuba ta sama shi ke fita ta ƙasa. Ta ɗauki jug ta kai bayan ƙofa ta kife faranti a kansa.

Sai ta ɗago matashin kai. Idonta ya yi yana shekara biyu ke nan, amma fari ƙarami ai ko da laluben yatsa ta san shi. Ta ɗauki ɗaya ta murƙushe a bayan cokali, ta dama da ɗan koko ta lallaɓa maigida ya haɗiye. Bayan sa'a guda ta ƙara masa ɗaya, don babba biyu yake sha, shi kuwa zawon nan ya fi na babba. Ruwa kuma ta ɗauke shi ɗungum, sai ɗan abin da za ta jiƙa masa leɓe.

Kai, sai ga zawo ya tsaya cak.

Da Jemima ta dawo wajen magariba, ƙafa ta kumbura da tsayuwar layi ga shi ba a kai kansu ba, ta tarar da yaro yana barci, an ɗaura masa sabon nafkin fari fes. Ta tambaya, Mama ta ce ya samu sauƙi, tun la'asar bai sake ba. Jemima ta ɗaga hannu ta gode wa Ubangiji, ta ce ashe ruwan nan yana da saurin aiki haka. Ta sa shi a nono, ya ja sau biyu ya saki, ta ce gajiya ce, bari ya huta. Mama Lois tana gefe tana ɓare gyaɗa, dariya na cinta a ciki. Ta ƙudura sai yaron ya miƙe yana gudu a tsakar gida, sannan za ta fito da gwangwani ta ajiye a gaban malama ta ce ga likitan da ya yi aiki.

Laraba Jemima ta sake fita tun kafin rana ta fito, don a rubuta sunanta a farkon layi. Ta leƙa nafkin ta ga babu komai, ta narka zink a cokali ta zuba masa a baki yana barci, ta roƙi Mama ta haɗa sabon jug. Tana fita tsohuwa ta murƙushe na uku, wai don a rufe bakin ciwon kada ya dawo.

Da hantsi maƙwabciyarsu Ikilima ta shigo aron turmi. Bafillatana ce, matar wani tela, 'ya'yanta huɗu, tana kiran Mama Lois Dada. Tsohuwa ba ta iya riƙe abin daɗi a ciki ba. Ta ja ta har ɗaki, ta ɗage rigar yaron, ta kama hannunta ta ɗora a kan nafkin, ta ce ta taɓa ta ji. Tun jiya da la'asar yake jikinsa, ko ɗigo babu, ko wanki ba ya bukata.

Ikilima ta taɓa nafkin, amma idonta ba a nan yake ba. Cikin yaron ta gani ya taso ya yi tauri yana ƙyalli. Ta shafa kansa ta ji maɗiga ta faɗa. Ido rabi a buɗe, baƙin ya shige sama. Ta kira sunansa, ta tafa hannu a kunnensa, ta mintsine shi a cinya, mintsini na gaske. Sai da aka jima ya ɗan motsa baki.

"Dada, wannan ba barci ba ne," in ji ta. "Ɗauko zanenki."

Mama Lois ta fara cewa ai hutawa yake, kwana biyu bai runtsa ba, amma tana ɗaga shi kansa ya langaɓe baya kamar na jaririn kwana uku. Ba ta san sanda ta cusa gwangwanin a ƙugunta ba, ba ta san sanda suka fito titi ba. Ikilima ce ta tare keke, ita ta faɗi sunan babban asibiti, ita ta kira wayar Jemima har sau biyar kafin a ɗauka. Tsohuwa dai tana rungume da yaro tana ce masa maigida, tashi mana, ga keke da kake so.

A ɗakin yara wata nas ce ta karɓe shi, mai jiki, an rubuta Roseline a ƙirjinta. Ba ta tsaya dogon tambaya ba, ta kwantar da shi ta kwance nafkin ta duba ciki da baya, ta miƙa wa Mama Lois ta riƙe. Ta tambayi yaushe rabonsa da fitsari. Har a wannan lokacin, Allah sarki, akwai sauran alfahari a muryar tsohuwa da ta ce tun jiya da la'asar babu zawo babu fitsari, komai ya tsaya. Sista Roseline ta dube ta, kallon da ba na faɗa ba ne, ta juya ta ƙwala wa likita kira.

Likitar yarinya ce siririya, ba 'yar nan ba, Hausarta ba ta wuce sannu da ina ciwo ba, sai Sista ke fassara. Suka nemi jijiya a hannu babu, a ƙafa babu, suka aske gefen kansa suka samu da ƙyar, aka rataya ruwa. Allura huɗu aka soka masa, ko uffan bai ce ba. Da ya yi kuka da Mama Lois ta ji sanyi. Likita ta haska masa ido da ƙaramar tocila, ta sa abin awo a cikinsa ta daɗe tana saurare, sannan ta ɗago ta yi tambaya. Sista ta ce ana tambaya me aka ba shi ban da ruwan gishiri da sukari.

Mama Lois ta ce maganin zawo. Aka ce sunansa? Ta ce fari ƙarami. Aka ce ina ledarsa? Sai ta kwance ƙugu ta fito da gwangwani.

Likita ta juye shi a kan farin tire. Ta ture ja da rawaya gefe, ta ture manyan, sauran ƙananan farare sun kai ashirin. Ta sa bakin biro tana rarraba su, tana ɗaga wani tana dubawa a haske. Wani da tsaga a tsakiya, wani da harafi, wani sumul. Kafin ta gama sun zama kashi huɗu. Sista ta fassara a hankali, kamar mai yi wa yaro magana. Wannan kashin ya yi kama da na hawan jini, Mama tana shan na hawan jini? Tana sha, an ba ta bara, ta juye a ciki. Wannan yana iya zama mai ɗaure hanji, na manya, wanda ba a ba yaro ko kusa, don zawon ba ya warkewa, taruwa yake a ciki, ga shi yana kashe jiki har numfashi. Sauran biyun ita kanta likita ba za ta rantse a kansu ba. Kowanne da yadda ake tarar sa, abin da zai taimaka a wani ɓata lokaci ne a wani.

"Mama, dubi da kyau. Wanne kika ba shi?"

Ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa tire. Ta murza ido da bakin zane ta sake dubawa. Kashi huɗu, kuma wallahi a idonta duk abu ɗaya ne. Ta sa yatsa ta laluba wannan, ta laluba wancan.

"Ni ban sani ba," in ji ta. "Duka fari ne."

Likita ta koma kan yaro. Sista ta ce za su yi duk abin da suke da shi, za su bi wanda suka fi zato, amma da za a ga ledar da da sauƙi. Kuma ko ba ƙwaya, jikinsa ya bushe, busasshen nafkin nan ba sauƙi ba ne, ƙoda ce ta rasa ruwan da za ta tace.

Leda. Wannan kalmar kaɗai Mama Lois ta riƙe. Ta ce wa Ikilima ta zauna da shi, ita za ta je wurin wanda ya sayar mata. Ikilima ta ce ina za ki da wannan gwiwar a ranar nan, amma ta riga ta kai ƙofa. Gaskiyar magana, ba ledar kaɗai ta fitar da ita ba. Jemima tana hanya, kuma ba ta da fuskar da za ta tare ta da ita.

Mai maganin ma ba ta san sunansa ba. Ta dai san dogo ne mai jar hula, yana ajiye kwandonsa kusa da masu doya a babbar kasuwa, yana ce mata Kaka yana yi mata ragi. Ta sauka daga keke ta kutsa cikin mutane tana ɗingishi, zufa na shiga mata ido. Wurin yana nan, wata mai manja ce a zaune. Ta ce ai Laraba ba ya zuwa, kasuwannin ƙauye yake bi, wa ya san wacce ya nufa yau. Lambar waya? Aka tambayi mai doya, ya tambayi na kusa da shi, kowa ya san mai jar hula, babu mai lambarsa.

Sai ta shiga bin masu kwando ɗaya bayan ɗaya, tana cewa na zawo, fari ƙarami. Na farko ya zaro wani ya ce shi ne. Na biyu ya zaro wani daban ya rantse shi ne, na wancan jabu ne. Wani mai kemis a bakin titi ya tambaye ta na babba ko na yaro, da ta ce yaro ya riga ya sha yana asibiti, sai ya mayar da kwalinsa kan kanta ya ce shi ba ruwansa. Ta tsaya a tsakiyar kasuwa, masu baro na ce mata a ba su hanya, ta rasa gabas ta rasa yamma. Ba ta taɓa jin ta zama banza irin na ranar ba. Ta kwance bakin zane ta saye duk wanda aka nuna mata, kala biyar, kowanne cikin ledarsa da rubutunsa. Ta riƙe su da hannu biyu a keke kamar ƙwai, ko ɗaya ba ta ɓalle ba.

La'asar ta yi sanda ta dawo. Tun daga nesa ta hango Ikilima a barandar ɗakin yara, zaune a ƙasa ta jingina da bango, ta ja mayafi ta rufe fuska. Mama Lois ta wuce ta ba ta tambaya ba. In ba ta tambaya ba, ai ba a faɗa mata ba.

An cire ruwan. Ƙarfen da aka rataya shi yana tsaye a gefe, roba na lilo. Jemima na zaune a bakin gado da kayanta na zuwa aiki, fayil ɗin takardu har yanzu yana maƙale a hammatarta, ta manta da shi. An lulluɓe Tobiya da zanen goyonsa har kai.

Tsohuwa ta miƙa ledojin ga likita, ta ce ga su, da sunansu, a duba. Likita ta karɓa da hannu biyu, ta dube su ɗaya bayan ɗaya don kada ta ce ba a duba ba, ta ajiye a kan tire kusa da gwangwani. Sista Roseline ta jawo kujera ta ce Mama zauna. Ba ta zauna ba. Ta durƙusa a ƙasa da gwiwar nan mai ciwo, a gaban matar ɗanta, tana jira. An riga an gaya wa Jemima komai, ga tire nan a gabanta. Mama Lois ta so ta zage ta, ta so ta ɗaga hannu ta mare ta a gaban mutane, ta ce mata mayya, da ta samu abin da za ta riƙe. Jemima ba ta ko dube ta ba. Ta buɗe jakarta ta fara tattara kayan yaron a hankali, 'yar rigarsa, takalmi ƙafa ɗaya, hular da aka cire da za a aske shi. Ta duba ƙarƙashin gado, ta duba bayan matashi.

"Mama," in ji ta, muryarta kamar ta kullum, "ina nafkin ɗin da ya zo da shi? Kawo in sa a leda, in mun je gida in wanke."

Mama Lois ta laluba ƙugunta. Yana nan inda ta cusa shi tun da hantsi, ya zaga kasuwa da ita. Ta zaro ta miƙa. Jemima ta warware shi a kan cinyarta, fari fes, har yanzu da ƙanshin sabulu. Ta juya wannan gefen, ta juya wancan, tana neman inda za ta wanke. Ta sake juyawa.